Metileshan a kan miR-34b/c ya fito har a gefen ƙarin kansar tumbi, kuskure ne?

Hadiza, Garwa: Salamu alaikum malamai. A samfurin kansar tumbi, miR-34b/c (wani ƙaramin RNA mai taka wa ƙwayoyin kansa birki) ya yi ƙasa cikin ƙarin, amma gwajin MSP (gwajin PCR mai gano metil a DNA) ya nuna metileshan, wato liƙewar sinadarin metil a DNA da kan kashe aikin wurin, a ƙarin da kuma naman gefensa mai kama da lafiyayye. Samfurin ne ya gurɓace, ko baisalfait ɗin, sinadarin da ake sa wa DNA kafin gwajin, bai kama ba?

Dakta Sani, Njamena: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Ba lalle kuskure ba ne. Naman gefen lafiyarsa a ido ce kawai. Idan ƙwayar bakteriya ta H. pylori ta daɗe a tumbi, kumburin da take jawowa kan sa a liƙa metil a tsibirin CpG (yankin DNA da metil kan liƙe) na miR-34b/c da na wani irinsa, miR-124a, tun kansa ba ta fito ba. Masu bincike a Japan sun samu metileshan ɗin miR-34b/c a kashi 70 cikin 100 na kansar tumbi a 2010, alhali babu shi a tumbin lafiyayyun da ba su da ƙwayar. Idan miR-124a ya yi shiru, CDK6, furotin mai ingiza ƙwayoyin jiki su yi ta rabuwa wanda miR-124a ke dannewa, ya samu sake ke nan. Don haka ki fara gwada H. pylori a kowane samfuri. Kuma MSP "akwai" ko "babu" kaɗai ya sani. Sai ki koma gwajin da ke ba da kaso.

Malam Bukar, Marwa: Duk da haka ki kore zargin baisalfait ɗin, ƙanwata. Aikinsa mai da sitosin (harafin C na DNA) marar metil zuwa wani harafi, yurasil, to idan DNA ya yi masa yawa, wasu kan tsira su fito kamar masu metil. Ki tsaya tsakanin nanogiram 200 zuwa 500 na DNA, ki sa DNA marar metil da ruwa zalla a kowane zagaye don kwatance. Naman da ya kwana biyu a fomalin (ruwan adana nama) kuwa DNA ɗinsa ya kakkarye, kada guntun DNA da za ki ninka da PCR ya wuce tsawon haruffa 150. Da zafinmu da ɗaukewar wuta, RNAlater, ruwan adana RNA, kwana ɗaya kacal yake riƙe nama a digiri 37.

Dakta Sani, Njamena: Ƙarin bayani kaɗan. Ganin metil bai tabbatar shi ya rufe bakin miR-34b/c ɗin ba. A sa wa ƙwayoyin AGS (ƙwayoyin kansar tumbi da ake rainawa a ɗakin gwaji) desitabin, maganin da ke hana liƙa metil a DNA, na awa 72, ana sabunta shi kullum don saurin lalacewarsa. In miR-34b/c ya farfaɗo, to metil ne. In bai motsa ba sai da TSA, maganin da ke sassauta histon, ki duba histon, wato furotin da DNA ke naɗuwa a kai.