Dutsen gugana ba ya zafi da yamma, yaya zan lissafa ƙarfinsa?

Mai Guga Mabera:

Assalamu alaikum. Ina da shagon wanki da guga a Mabera, nan Sakkwato. A jikin dutsen gugana an rubuta 1000W da 230V. Da safe yana zafi sosai, shadda ko ta sha sitati lafewa take yi. Amma daga magariba sai ya koma ɗumi-ɗumi, babbar riga guda ta cinye mini lokacin riga uku. Jiya maƙwabcina mai gyaran rediyo ya zo da mitarsa ya auna: wutar soket bolt 160, abin da dutsen ke ja kuma amfiya 3. Ya ce da waɗannan lambobi biyu ana iya gane ko dutsen ne ya lalace, amma bai tuna lissafin ba. Ina neman mai sani ya koya mini, don ina shirin sayen sabo kuma kuɗin ba su da yawa.

Malamin Fiziks:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Lambobin nan sun isa.

Turjiya, wato yadda wayar cikin dutsen ke tare wa wuta hanya, ana samunta ne in an raba bolt da amfiya. Wannan ita ce dokar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827. To 160 a raba 3 ya ba da om 53 da 'yan kai, om kuwa shi ne ma'aunin turjiya. Ƙarfin aiki kuwa bolt sau amfiya ne: 160 sau 3, wat 480.

Yanzu mu duba abin da kamfanin ya rubuta. Wat 1000 a raba bolt 230 ya ba da amfiya 4.35. Sannan 230 a raba 4.35 ya ba da om 53. Ka gani? Turjiyar da aka ƙera dutsen da ita da wadda kuka auna jiya duk ɗaya ce. Lafiyar dutsenka ƙalau.

Abin da nake so ka lura da shi, kuma shi ne ɗalibaina suka fi tuntuɓe a kai: wutar ta sauka ne da kusan kashi 30 cikin ɗari kawai, amma zafin ya ragu da fiye da rabi. Dalili shi ne asarar ta zo ta ƙofa biyu. Bolt ya ragu, raguwar tasa kuma ta sa amfiya ma ta ragu, sai aka ninka ƙaramin lamba da ƙaramin lamba. Shi ya sa ake kuma rubuta shi da bolt sau bolt a raba turjiya. Gwada da kanka: 160 sau 160 a raba 53. Ko sabon dutse ka sayo, in mai wat 1000 ne, haka zai yi maka da yamma.

Baba Mai Wayarin:

Malam ya gama magana, Allah shi ƙara basira. Yaro, ni ga nawa ta ɓangaren aikin hannu. Wanga lissafi na dutsen guga ne da hita da murhun lantarki, abubuwan da aikinsu zafi kaɗai. Kada ka ɗauke shi ka kai wa firij ko injin jan ruwa. Su masu moto ne a ciki, wato injin da ke juyawa, in wuta ta yi rauni sukan ƙara jan amfiya, su yi ta gurnani har koyil ya ƙone. Da yawa munka kwance irinsu, tagullar ciki ta yi baƙi ƙirin, tana warin ƙonannen fenti.

Sannan ka taɓa wayar da ka jawo zuwa teburin guga bayan ka yi aiki na ɗan lokaci. In ta yi ɗumi, tana cin nata rabo. Siririyar waya mai tsawo in turjiyarta ta kai om 1, a amfiya 4.35 wat kusan 19 ke tafiya a banza cikin roba, don lissafin amfiya sau amfiya sau turjiya ne. Ka auna wutar a bakin mitar shago, ka sake aunawa a soket ɗin dutsen yana kunne. In tazarar ta yi yawa, matsalar tana cikin shagonka.

Kuma in za ku auna om kai tsaye da mita, ku zare filogi tukun. Ba a auna turjiya da wuta a jiki.

Mai Guga Mabera:

Na gode, Malam. Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Na buga lissafin a wayata, ya ba ni 483. Wayar teburin kuwa lallai tana ɗumi, irin ta ƙwan fitila ce aka ja mini. Gobe zan sauya ta, manyan kaya kuma zan mayar da gugarsu safiya. Saura tambaya ɗaya: in na sayi sitabilaiza, mai girman nawa zai ɗauki dutsen?

Malamin Fiziks:

Ka nemi mai 2000VA (VA, wato bolt sau amfiya, shi ne ma'aunin girman sitabilaiza). Mai 1000VA zai yi maka kaɗan, domin in zai ba dutsen wat 1000 daga bolt 160, dole ya jawo fiye da amfiya 6 daga bango. Ke nan sauya wayar nan shi ne farko, kafin sitabilaiza.