Korona ta kama ƙanwata tana da cikin wata bakwai, me zai sami jaririn?

Yayar mai ciki, Makka:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ta yi umara makon jiya cikin cunkoso, bayan kwana huɗu zazzaɓi da tari suka kwantar da ita, da aka yi gwaji kuma aka ce korona ce. Cikinta wata bakwai ne, na fari, kuma tun jiya take dafe da mara tana tambayata ko cutar ta riga ta shiga jikin ɗan. Don Allah masu sani su yi mana bayani.

Ungozoma, Jidda:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ta lafiya. Da wuya ƙwayar cutar ta ratsa mabiyiya ta kai ga jariri, kuma ba a ga shaidar cewa tana jawo nakasar halitta ba, balle a wata na bakwai da gaɓoɓi suka riga suka haɗu. Haɗarin da ke kan ɗan yana biyowa ne ta jikin uwa: idan cutar ta yi tsanani har iskar da ke cikin jininta ta ragu, ko ta taɓa mabiyiya, to naƙuda kan iya zuwa kafin mako 37, a haifi bakwaini da wataƙila sai an sa shi a kwalba. Haɗarin hawan jinin masu ciki da mutuwar ɗa a ciki ma yana ƙaruwa, abin da aka fi gani a 2021 lokacin nau'in korona da ake kira Delta, musamman ga waɗanda ba su yi riga-kafi ba.

Ku sauke zazzaɓin da farasitamol, kada ta sha Brufen, domin ba ya dacewa da ciki a wannan matakin. Ta yawaita shan ruwa, ta riƙa kwanciya ta gefen hagu, ta kuma lura da motsin ɗan. Idan motsin ya ragu, ko numfashi ya fara yi mata wuya, ko ta ga jini ko ruwa, ku tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Lambar wayar Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, 937, tana aiki dare da rana.

Maman 'yan biyu, Madina:
Ni ma ta kama ni ina da ciki, kuma kuskurena shi ne na daina zuwa awo har mako uku saboda tsoro, sai da ƙafafuna suka kumbura takalmi ya ƙi shiga. Yaya, ku sanar da likitarta yau, kada ku jira ranar awo.

Yayar mai ciki, Makka:
Na gode ƙwarai. Idan ta haihu ba ta warke ba, za a raba ta da jaririn ne?

Ungozoma, Jidda:
A'a, Hajiya, in dai jikinta bai yi tsanani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar uwa ta ci gaba da shayarwa, ta sa takunkumi, ta wanke hannu kafin ta ɗauke shi. Masu zuwa barka ne ya kamata ku taƙaita.