Misawa da Kawada 1994: wai kokawa ce ko fim?

Baban Khalifa: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau da ƙorafi na zo. Kwana uku ke nan da na turo muku wasan Misawa da Kawada, ko wanda ya ce mini sannu babu. Da Roman Reigns, tauraron resilin na Amurka, ne ya yi atishawa, da yanzu wayata ta cika da saƙo. To ku buɗe kunne. Ranar 3 ga Yuni 1994, a zauren Budokan na birnin Tokyo, aka yi kokawar da har gobe ba a sake irinta ba. Kambun Triple Crown na kamfanin All Japan ake nema, bel uku a haɗe, yana hannun Mitsuharu Misawa tun da ya karɓe shi daga Stan Hansen a 1992. Shi kuwa Toshiaki Kawada ƙaninsa ne na makaranta, aji ɗaya ne tsakaninsu a sakandare a Ashikaga. Shi ne ma ya kwance wa Misawa igiyar rufin fuskar da yake wasa da shi da sunan Tiger Mask a 1990. Yaron gida ne da ya gaji da riƙon jaka, ya ɓalle a 1993 ya haɗa kai da Akira Taue, ya ci gasar Champion Carnival ta 1994, sannan ya dawo neman kan maigida. Minti 35 da daƙiƙa 50 suna abu ɗaya. Kawada ya yi ta hauri har kunnen Misawa ya fashe da jini. Misawa, wanda gwiwar hannu ce makaminsa, ya sauka ƙasa ya bi ƙafar Kawada mai ciwo, alamar ya tsorata ke nan. Ƙarshe sai da Misawa ya tono jifar da ake kira Tiger Driver '91, ya ɗaure masa hannaye ta baya, ya ɗaga shi ya sake a kan wuya. Duk wanda bai ga wannan ba, ya daina cewa ya san kokawa.

Na Damagaram: Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Da girmanka, amma wace kokawa? Mu a wurinmu da an kai mutum ƙasa, magana ta ƙare, makaɗa su ɗauka. Waɗannan sun fi rabin awa ana kayar da su suna tashi. Ka nemo masa wani suna.

Ɗan Autan Zaure: Resilin ne sunansa, kawu. Fim ne ba kyamara biyu.

Baban Khalifa: Kai Auta, lokacin da aka yi wannan wasan ko auren babanka ba a ɗaura ba. Jinin kunnen nan ma fim ne?

Ɗan Autan Zaure: Allah ya huci zuciyarka kawu, ni ban ce bai ji ciwo ba. Amma Giant Baba, mai kamfanin, tun kafin su ɗaura takalmi ya san wanda zai ci. Abin da aka san ƙarshensa ai ba gasa ba ne.

Malam Tela: Ni gyara kawai zan yi. Na Damagaram ya rubuta "kokawa" don ya bi bakin mai magana, amma na san a gida "kokowa" yake cewa. Ku fara daidaita wannan tukuna.

Na Damagaram: Kokowa ce mana, Malam. Mu da muke ba zakaran kokowa takobi duk shekara a Nijar, ku ne za ku koya mana sunanta?

Maman Iman: Takobi ba ƙamus ba ne. A Kano kokawa muke cewa, haka muka karanta a makaranta.

Na Damagaram: Hajiya, Kano kasuwa kuka iya. Yaushe rabon da ki ga fili ya cika don 'yan kokowa?

Maman Iman: Au, abin ya koma gori? To buhun da kuke zuwa saye fa?

Shugaban Zaure: Jama'a a bar maganar gari. Doka ta biyu.

Baban Khalifa: Kun gani ko? Ina maganar Budokan kun kai ni Kantin Kwari. Auta, kai da ka ce fim ne: Misawa a cikin fili ajali ya same shi, a Hiroshima, 13 ga Yuni 2009, yana da shekara 46, bayan an yi jifa da shi ta baya. Wane ɗan fim ne wuyansa ke ɗaukar irin wannan shekara da shekaru?

Malam Tela: Wannan ya nuna sana'ar tana da haɗari, Alhaji, bai nuna kokawa ba ce. Mai hawan rimi ma yana faɗowa.

Sarkin Hauri: Ku duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Ko fim ne ko ba fim ba, an zalunci Kawada a daren nan. Ya ci Carnival, jama'a na kiran sunansa, ya ɗaga Misawa ya maka da ƙasa ya naɗe shi, me ya rage? Son kai ne kawai irin na Baba. Wata mai zuwa, a Yuli, sai ga shi an miƙa wa Steve Williams bel ɗin. Baƙo ya ci, ɗan gida na kallo. Sai a hannun Williams ɗin Kawada ya karɓa a Oktoba. Bai karɓi kambu daga hannun Misawa kansa ba sai Mayun 1998 a Tokyo Dome, bayan miya ta huce.

Ɗan Autan Zaure: Yawwa. Ka ce "an miƙa". Na gode, ka gama mini aiki.

Sarkin Hauri: Ba da kai nake ba, yaro.

Baban Khalifa: Da Kawada ya ci a daren nan, da labarin ya mutu. Jiran ne daɗin abin. Dave Meltzer, ɗan jaridar resilin, taurari shida ya ba wasan, alhali a lokacin ma'auninsa a biyar yake tsayawa.

Maman Iman: Wa ya naɗa shi sarkin taurari? Mutum na zaune a Amurka yana raba maki kamar malamin firamare.

Na Bayan Layi: Ni wani abokina da ya san harkar ya ce na Kobashi da Misawa na Maris 2003 ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Baban Khalifa: Kai ka kalla?

Na Bayan Layi: Na ga guntu.

Sarkin Hauri: Wancan ai a Noah aka yi, kamfanin da Misawa ya kafa a 2000 bayan rasuwar Baba, ya kwashe kusan kowa ya tafi. Kawada da Fuchi ne suka tsaya suka riƙe gidan. A nan ake gane ɗan halak.

Baban Khalifa: Ka iya bakinka. Mutumin da ya mutu yana ciyar da yaransa kake jifa da wannan kalma?

Sarkin Hauri: Ni Kawada na yaba, ban zagi kowa ba. In takalmin ya yi wa wani daidai, ba ni na auna ba.

Malam Tela: Har yanzu dai ba a ba ni amsa ba: da "a" ko da "o"?

Shugaban Zaure: To, dare ya yi, bari in tattara. Abin da zaure ya fahimta shi ne wasan ya yi kyau, kuma Kawada ne ya ɗauke shi a kansa, Misawa gwiwar hannu kawai ya kawo da sa'ar maigida. Kowa ya yarda an danne wa Kawada haƙƙi, ban ga wanda ya kawo hujjar da ta rushe wannan ba. Maganar suna, kokawa ce, da "a", kamar yadda Hajiya ta faɗa. Auta, ka rage katsalandan in manya na magana. An rufe.

Baban Khalifa: Ranka ya daɗe, wane "kowa"? Mutum ɗaya ne ya faɗa, sai kai na biyu, kuma hoton da ke kan lambarka baƙi da rawaya ne, kayan Kawada.

Na Damagaram: Ni ban yarda da "a" ɗin nan ba.

Maman Iman: Baban Khalifa, sake turo bidiyon, ya nutse a sama. Amma data nawa zai ci?