Don Allah a taimaka, me za mu kira "defensive driving" da Hausa?

Mai_Fassara: Salamu alaikum jama'a. An ba ni wata takarda in fassara, gobe da safe za a karɓa, kuma na maƙale a kan kalmar nan defensive driving. Bayanin shi ne a jihar New York ta Amurka in direba ya yi wannan kwas na awa 6, kamfanin inshora zai rage masa kashi 10 cikin 100 na kuɗin da yake biya har shekara 3. Na rubuta "tuƙin kariya" amma da na maimaita a baki sai na ji kamar direban da ke bin ayarin gwamna ake nufi.

TsohonDireba: Wa alaikumus salam. Tuƙin taka-tsantsan mana, meye na wahalar da kai.

MaiKoyarDaTuƙi: Baba a yi haƙuri, taka-tsantsan bai ɗauke shi duka ba. Kana iya lallaɓawa a hannunka, ba gudu ba ganganci, wani ya zo ya make ka. Abin da muke koyarwa shi ne ka ɗauka na gabanka zai taka birki ba sallama, wanda ya kunna sigina hagu dama zai yi, yaron da ke gefen titi zai faɗo. Misali tazarar daƙiƙa 3, in motar gabanka ta wuce wani falwaya sai ka fara ƙirge, in ka iso falwayar kafin ka kai uku to ka matse shi da yawa, in ana ruwa ko dare ne ka ƙara. Kuskuren wani kake tarewa tun kafin ya yi. Ni "tuƙin kandagarki" nake ce wa ɗalibaina.

Hajiya_A: Ko tuƙin rigakafi? Kowa zai gane nan take.

TsohonDireba: Hajiya za a zaci motar masu allura ce.

MalaminHausa: Na jima ina faɗa, "tuƙin hangen nesa" shi ne daidai, na ma rubuta shi a darasi. Amma ni abin da ya dame ni kuna ta inshora inshora kamar Hausa ta mutu. Me ya hana a ce lamunin diyya? Mu kullum sai dai aro, sai ka ce harshen namu maraya ne.

Hajiya_A: Malam da girmanka, mota fa? Direba, birki, taya, sitiyari? In ka kore su duka sai mu koma kan jaki. Ka ce wa mutum ya je ya biya lamunin diyya zai zaci bashi za a ba shi.

MalaminHausa: Raina kai ne ke damunmu. Tun 1964 ƙungiyar National Safety Council, mai fafutukar kare haɗurra a Amurka, ta fara koyar da kwas ɗin nan, da harshensu suka raɗa masa suna ba su jira kowa ba, mu kuwa duk wanda ya ƙirƙiro kalma sai a yi masa dariya.

MaiKoyarDaTuƙi: Ba dariya ba ce Malam, hangen nesa yana ciki amma rabi ne, madubin baya da na gefe fa, da barin wa kanka wajen kaucewa in abu ya ɓaci? Ba duka ne a nesa ba.

Mai_Fassara: Jama'a dare na yi, a bar maganar jaki. Rage kuɗin kuma, ragi zan sa ko rangwame?

TsohonDireba: Rangwame kamar tausayinka aka ji. Wannan kuwa ka zauna awa 6 ka kawo takardar shaida, haƙƙinka ne. Sa ragi.

Mai_Fassara: Na gode Baba. Na sa "tuƙin kandagarki", a farkon zuwansa na ƙara "wato tuƙin kauce wa kuskuren wasu" don kada mai karatu ya ɓata. Inshora na bar ta yadda take, Malam a yi min afuwa.

MalaminHausa: Takardarka ce. Kandagarkin ba laifi, aƙalla namu ne. Ni dai a ajina hangen nesa zan ci gaba da cewa.