Kofin da ke auna iskar rana

Ɗan Nima: Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya a wurin ataya na ce kumbon Parker da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta harba zuwa kusa da rana a 2018 yana ɗauke da wani kofin ƙarfe, kofin Faraday, da ke leƙowa ta gefen garkuwar zafi yana tarar ƙwayoyi masu cajin lantarki da iskar rana ke kwasowa. In suka bugi farantin cikin kofin sai lantarki ya gudana, da shi ake gane yawansu da gudunsu. Aka bushe da dariya, wai kallon bidiyo ya yi mini yawa. A gaban ƙannena fa!

Mai Gyaran Waya: Yaya, dakata. Iska? A makaranta an ce mana babu iska a sararin samaniya.

Malamar Kimiyya: Ba ta shaƙa ba ce, ƙanena. Furoton da ilekturon, wato ƙwayoyin nan masu caji, su ne ke kwararowa daga rana, wajen kilomita 400 a daƙiƙa ɗaya, wani lokaci har 800.

Mai Gyaran Waya: To Malama, abin da bai kaɗa ganye ba, ta ina ya zama iska?

Alhajin Aboabo: Yaron nan ya yi gaskiya. Hucin rana ya kamata a ce. Haka Bahaushen kirki zai faɗa, ku zo Kumasi ku ji.

Ɗan Mamobi: Alhaji, Allah ya ja kwana, amma huci zafi ne. Kofin nan ƙwayoyi masu caji yake tarewa, ba huci ba. Kuma kullum sai ku nuna Kumasi ce kaɗai ke jin Hausa.

Alhajin Aboabo: Kai da ke ce wa mace "ya zo" za ka gyara mini Hausa?

Ɗan Mamobi: A unguwar Asawase ta Kumasi ma haka suke cewa, da kunnena na ji.

Baban Yara: Duk ku bar wannan. Rasha ce ta fara auna iskar rana da kumbon Luna 1 a 1959, Amurka talla ta iya.

Malamar Kimiyya: Kumbon Mariner 2 na Amurka ne ya tabbatar a 1962, Baba.

Ɗan Nima: Ni dai dariyar da aka yi mini fa? Ba wanda ya ce komai.

Shugaban Zaure: Daga nan Kumasi na karanta komai. Manya sun yi magana, huci ya fi dacewa, kuma ba wanda ya kawo hujjar da ta ture ta Alhaji. Ɗan Mamobi, ka ba Alhaji haƙuri kafin isha'i. An rufe maganar.