Ba ni da bashin kowa, amma banki ya ce ba ni da tarihi. Ku yaya kuka fara a Amurka?

Sabon Zuwa, Ohayo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata na bakwai ke nan da shigowa, ina aiki a wani sito, kuma lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa don aiki da haraji, ta fito tun watan farko. Wani abokin aikina, mutumin Gana, ya ba ni labarin yadda ya je gida ya dawo bai biya kuɗin jirgi ba sai haraji, wai da tukuicin katin bashi ya sayi tikitin. Sai kwaɗayi ya kama ni. Ranar Asabar na zauna na cike neman irin katin nasa a waya, ko minti biyu ba a yi ba aka ce a'a. Da takarda ta iso, dalilin da suka rubuta shi ne ba ni da isasshen tarihin bashi.

Abin ya ɗaure mini kai. A gida, mutumin da bai taɓa cin bashi ba shi ake yabo. Ina da kusan dala 4,000 a asusu, ba wanda yake bi na ko kwabo. Don Allah waɗanda suka riga mu zuwa, kowa ya faɗi yadda ya fara, har da inda ya yi tuntuɓe.

Direban Dare, Bronx

Wa alaikumus salam ƙanena. Gara kai da ka gano a wata na bakwai. Ni shekara uku na yi ina alfahari da cewa komai nawa kuɗi hannu ne. Ranar da zan ɗauko iyali na je neman gida mai ɗaki biyu, na ajiye wa matar ofishin takardun albashina a tebur, har da na banki. Ta danna kwamfuta, ta juyo da fuskar allon wajena don in gani da idona: sunana, adireshina, sai fili fetal. Ta ce sai dai in kawo wanda zai tsaya mini. Ina da shekara arba'in da ɗaya, sai ga ni ina lallashin wani yaro da na girme wa da shekara goma sha biyar ya zo ya sa mini hannu.

A makon na buɗe katin jingina. Ka ba banki kuɗinka, su riƙe, su ba ka kati mai iyakar daidai abin da ka ajiye. Na ajiye dala 300. Abu ɗaya tak na ɗora a kai, kuɗin wayata na wata, sannan na saita banki ya riƙa cire cikakken abin da ake bi na kai tsaye daga asusuna. Katin kansa na jefa shi cikin aljihun wata tsohuwar babbar riga, ban ƙara fita da shi ba. Bayan wata shida maki ya fito, wato lambar da ke nuna yadda mutum yake biyan bashi. Kafin shekara ta cika suka mayar mini da kuɗina, katin ya koma na yau da kullum.

Ka duba biyu kafin ka zaɓa: kada ya zama mai kuɗin shekara, kuma ka tabbata suna kai rahoto ga kamfanonin nan uku masu ajiye tarihin bashi duka. Discover da Capital One duk suna da irin wannan katin, ƙananan bankunan haɗin gwiwa na unguwa ma suna yi.

Mai Lissafi, Houston

Bari in ɗan warware abin da Malam Direba ya taɓo. Kamfanoni ukun su ne Equifax da Experian da TransUnion. Su ba sa ba da bashi, ajiye labari kawai suke yi. Makin da yawancin bankuna ke dubawa shi ne na FICO, daga 300 zuwa 850, kuma ba ya fitowa sai kana da aƙalla asusu ɗaya da ya kai wata shida a buɗe. Shi ya sa kuɗin da ke asusunka bai taimake ka ba, domin ba ya shiga wannan lissafin sam. Katin cirar kuɗi na banki ma haka.

Rabon makin: kashi 35 cikin ɗari biya a kan lokaci, kashi 30 yawan abin da ake bin ka idan an gwada da iyakar katinka, kashi 15 daɗewar tarihi, 10 sababbin nema, 10 kuma bambancin irin bashin.

Kashi 30 ɗin nan ne ya cinye ni, ni da nake taƙama da lissafi. Katina na farko iyakarsa dala 500 ce. Ina kashe kusan 450 a wata, ina biya tas kafin ranar biya, amma maki ya ƙi motsi daga ɗari shida da 'yan kai. Ashe banki ba ya jiran ranar biya kafin ya kai rahoto. Ranar da aka rufe lissafin wata, abin da ke kan katin a ranar shi ake aikawa. Wato kowane wata ana ganina a matsayin wanda ya cinye kashi 90 na iyakarsa. Da na koma biya kwana uku kafin ranar rufewa, ina barin dala 20 ko 30 kawai, wata biyu maki ya yi tsalle. Ana cewa kada a wuce kashi 30, ni dai ƙasa da 10 nake tsayawa.

Kuma wannan neman da ka yi aka hana ka, ya bar ɗan tabo. Duk neman da banki ya buɗe fayil ɗinka dominsa yana zama a rubuce shekara biyu, ko da yake tasirinsa a maki shekara ɗaya ne. Guda ɗaya ba komai ba ne. Kada dai haushi ya sa ka bi bankuna biyar a jere.

Uwar Biyu, Maryland

Ni ta hannun maigida na shiga. Ya sa sunana a katinsa da ya shekara takwas da shi, a matsayin wadda aka yarje wa amfani. Ko katin ban karɓa ba, yana cikin durowarsa. Bayan wata biyu na duba, sai ga tarihin shekara takwas a ƙarƙashin sunana, ni da ban cika shekara a ƙasar ba.

Amma 'yan'uwana mata, kada ku tsaya nan. Wata ƙawata aurenta ya mutu, mijin ya cire sunanta, tarihin ya tafi da shi, ta koma kamar jiya ta sauka daga jirgi, ga yara uku. Tun daga nan na buɗe nawa na kaina. Sannan wanda zai sa ka a katinsa, ka san halinsa da kuɗi. In ya makara ko ya cika katin, kai ma zai shafe ka.

Bazazzage, Atlanta

Tunda an ce har da tuntuɓe, ga nawa. Babbar Sallah ta matso, albashi saura kwana biyar, Hajiyarmu ta kira kan maganar rago. Na ce ai ga kati. Na tura dala 600 ta manhajar aika kuɗi, na zaɓi katin bashi maimakon asusun banki, ina murna har zan samu tukuici a kai.

Da takardar wata ta zo na ga layi biyu da ban gane ba. Ashe banki ya ɗauki abin a matsayin na ciri tsabar kuɗi ne. Sun caje ni dala 30 nan take, kuma kuɗin ruwa ya fara hawa tun daga ranar da na tura, babu wa'adin nan da ake bayarwa idan kaya ka saya. Tukuici kuwa ko ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne, a'a, ragon layyar mahaifiyata ne na cakuɗa da kuɗin ruwa da hannuna. Har yau ban faɗa mata ba.

Kuɗin gida daga asusu ake tura shi. Ko a na'urar cirar kuɗi kada ka kuskura ka zura katin bashi.

Almajirin Malam, Minnesota

To ai ga shi nan. Ku yi haƙuri yayyena, amma tun ɗazu nake jira wani ya taɓo wannan. Takardar da mutum ke amincewa da ita lokacin karɓar katin, a cikinta akwai sharaɗin kuɗin ruwa idan ya makara. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta ce bai halatta a yi mu'amala da kati mai wannan sharaɗin ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya cikin wa'adi. Ni shekarata shida a nan ba ni da kati ko ɗaya.

Abin da na yi shi ne kuɗin haya. Masu gidanmu suna aiki da kamfanin Esusu, wanda ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Wemimo Abbey, ɗan Legas ne, sunan ma daga adashin Yarbawa aka ɗauko. Suna kai rahoton biyan haya ga kamfanonin ajiye tarihi. Ba kowane irin maki ke ƙirga haya ba, kuma nawa bai kai na masu kati ba, na yarda. Amma ina barci da daɗi.

Direban Dare, Bronx

Malam, ban musa maka ba, fatawar tana nan. Ni ma sai da na tambayi limaminmu kafin na buɗe. Ya ce malamai sun saɓa, akwai waɗanda suka yi sauƙi ga mazauna irin ƙasashen nan saboda buƙata, da sharaɗin mutum ya tabbata zai biya duka kafin ruwa ya hau. Shekara takwas ke nan ban taɓa biyan ko santi ɗaya na ruwa ba. Doka ta tilasta a ba ka aƙalla kwana 21 tsakanin fitowar takardar wata da ranar biya, in ka biya duka a ciki, babu ruwa a kan abin da ka saya. Kuma ka sani, ko kamfanonin sayar da gida ta tsarin Musulunci irin su Guidance Residential sai sun duba makinka. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi.

Wata ƙarya da ke yawo a tsakaninmu direbobi: wai sai ka bar saura a kati kana biyan ruwa kafin maki ya hau. Ba haka ba ne. Banki ne kawai ke cin moriyar wannan maganar.

Hajiya Mai Kitso, Filadelfiya

Ɗana Sabon Zuwa, ni ba doguwar magana zan yi ba. Na gina makina ya haura 760. Wani yaro ɗan garinmu, na san uwarsa, ya zo yana kuka zai sayi mota don aiki, ba za a ba shi ba sai da mai tsaya masa. Na sa hannu. Wata takwas yana biya, sai ya koma wata jiha ya canza lamba. Ban san ya daina ba sai da aka kira ni, lokacin an riga an rubuta makarar wata biyu a kaina. Na ƙarasa biyan motar da ban taɓa zama a cikinta ba, kuma makarar sai ta shekara bakwai kafin ta goge. Saura biyu.

Nan gaba kai ma za a zo maka. In kana da hali ka ba mutum kyautar abin da za ka iya, amma ka riƙe hannunka.

Ɗalibar Injiniya, Shikago

Allah ya mayar da alheri Hajiya.

Nawa wauta ce ta yarinta. Duk kantin da na shiga, mai karɓar kuɗi ta ce in buɗe katinsu za a rage mini kashi 20 yau, sai in ce to. Kati huɗu a wata tara, saboda takalmi da jaka. Lokacin da na fara aiki na so katin tafiye-tafiye na gaske, sai na tarar na cika fayil ɗina da tarkace, dole na zauna na jira.

Mai Lissafi, Houston

Wannan yana da muhimmanci ga mai burin tukuici. Bankin Chase suna da wata ƙa'ida da ba su rubuta a fili ba amma kowa ya san ta: in ka buɗe kati biyar ko fiye cikin wata 24, na kowane banki, da wuya su ba ka nasu. Don haka kowane kati da za ka buɗe kafin nan ka ɗauke shi kamar kujera ce a mota mai cin mutum biyar.

Ni wata goma sha huɗu na yi kafin na nemi katin tukuici. An ba ni da sharaɗin in kashe dala 4,000 cikin wata uku kafin a ba ni babban tukuicin shiga. Na daidaita shi da lokacin da zan biya inshorar mota ta wata shida da kayan ɗakin da dama zan saya. Na mayar da tukuicin zuwa kamfanin jirgin sama na United, na yanki tikitin Ethiopian Airlines tunda ƙawancensu ɗaya, ta Adis Ababa har Kano. Abokin aikinka bai yi maka ƙarya ba. Abin da bai faɗa maka ba, katin yana da kuɗin shekara, kuma ruwan katunan nan ya haura kashi 20. Ka riƙa barin saura a kai, ruwan zai iya cinye ribar tikitin.

Kafin komai ka shiga AnnualCreditReport.com, kyauta ne, ka ga abin da ke ƙarƙashin sunanka. Mu masu Muhammad da Abubakar da Ibrahim, wani lokaci a kan cakuɗa fayil ɗin mutum da na mai irin sunansa.

Sabon Zuwa, Ohayo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, na ji, kuma na riƙe. Ranar Juma'a na tsaya bayan salla na yi magana da liman, jiya kuma na ajiye dala 200 na buɗe katin jingina. Na duba rahoton, babu komai a ciki sai neman nan da aka hana ni, da sunan mahaifina da aka rubuta da harafi ɗaya ba daidai ba. Yaya Mai Lissafi, a manhajar na ga rana biyu, 9 ga wata da 6 ga wata mai zuwa. Wacce ce ta rufewar?

Mai Lissafi, Houston

Ta 9. Ta 6 ita ce ranar biya. Ka gyara sunan tun yanzu, akwai wurin ƙorafi a shafin kowane kamfani, kuma su ukun za ka bi ɗaya bayan ɗaya.