Ziyarar ƙaramin garin kan dutse a lokacin kaka

Waɗanda suka saba irin wannan tafiya sun yi ta musayar ra'ayi kan abin da ya kamata baƙo ya yi a can, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: a ƙasashen sanyi launin ganye ne ke jan baƙi a kaka, wato daga Satumba zuwa Nuwamba a arewacin duniya. Da yini ya fara gajarta, sinadarin da ke sa ganye kore sai ya lalace, rawaya da ja su bayyana. Bishiyoyin can saman dutse ne ke fara canza launi, don haka in ganyen cikin gari bai canza ba, hau sama kaɗan.

Yawon ƙafa da sassafe shi ya fi samun magoya baya: hazo na kwance a kwari, hanya ba cunkoso. Sai dai a dawo da wuri, don duhu na saurin yi, kuma zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau. Riguna biyu ko uku marasa nauyi sun fi ƙatuwa guda ɗaya. Wani ya dage kan takalmi mai kama ƙasa, ni ma ina bayansa, jiƙaƙƙen ganye santsi gare shi kamar sabulu.

In garin ya haura mita 2,500, a huta ranar farko, a sha ruwa sosai, saboda ciwon kai da haki. Masauki kuwa a kama tun kafin a taso, a kuma tambayi lokacin tashin shaguna, wasu na rufewa da zarar baƙi sun ragu.